Yadda Za Ka Sa Bindigar Ɗuri Ta Riƙa Zuba Harsashi Wuri Ɗaya

Tun ranar da na nuna wa abokai takardar allon harbina mai huda biyar da tafin hannu ke rufewa, tambayar ba ta tsaya ba: yaya bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki za ta yi harbi haka daga yadi 50? Wasu ma sun rantse da ta zamani na yi. Na gaji da amsawa ɗaya-ɗaya, shi ya sa na zauna na jera abin yadda nake yin sa.

Bindigar da nake nufi ita ce irin ta Amurkawan da, wato Hawken da doguwar nan ta Pennsylvania, wadda har yau ake gasa da ita. Ƙungiyar NMLRA ta masu harbi da bindigar ɗuri a Amurka, wadda aka kafa a 1933, tana tara masu wannan harka a garin Friendship na jihar Indiyana duk watan Yuni da Satumba. Ana ɗura mata baƙin albarushi da mulmulallen harsashin dalma a naɗe cikin ƙyalle. Ta yi kama da adakar maharbanmu, amma cikin bututun adaka sumul yake, ita kuwa wannan an yi wa cikinta tsagi masu murɗawa, su ke sa harsashi ya fita yana juyi kamar katantanwa. Misalina duka a kan mai faɗin baki .50 ne, wato rabin inci, mai tashi da 'yar hular tagulla da ke ba da wuta in an buge ta. Inda mai ƙanƙara, wato mai tashi da tartsatsin dutsen ƙanƙara, ta bambanta zan faɗa.

Gargaɗi tun daga ƙofa: duk awon albarushin da ke nan na bututun da masana'anta ta ƙera ta kuma gwada ne. Kada wani ya ɗauke shi ya zuba a bindigar da maƙeri ya haɗa da bututun famfo. Sannan ka san dokar inda kake zaune. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta haɗa har da bindigogin ɗuri, a Amurka kuma kowace jiha da nata tsarin.

1. Tara kaya

Ban da bindigar, kana bukatar mudun albarushi na tagulla mai ƙarawa da ragewa, da gora ko ƙahon albarushi, da harsasan .490, da yadin auduga, da huluna masu lamba 11, da 'yar gajeriyar sandar farawa mai ƙulli kamar ƙwallo. Sai doguwar sandar ɗuri ta ƙarfe mai zoben kare baki, da kan goge bututu, da kan nan mai kama da sukurun da ake ciro harsashi da shi, da sifanar kwance nono. Nono shi ne ɗan ƙarfen da hula ke zama a kansa. Ƙara da tabarau da abin toshe kunne, da buhunan yashi biyu, da littafi da biro. Kada ka raina littafin. Da za a ce in bar ɗaya a gida tsakaninsa da buhun yashi, buhun zan bari.

Idan aljihu ya yarda, sayi maikuromita, wato abin auna kauri, da ɗan sikelin lantarki mai auna giren. Giren shi ne ma'aunin wannan harka. Giren 7,000 ne a laba ɗaya, giren ɗaya kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba.

Batun kuɗi, a Amurka sabuwar bindiga ta kamfanin Traditions takan faɗa tsakanin dala 400 da 700, ta Pedersoli ƴar Italiya kuwa sau da yawa ta haura dala 1,000. Labar albarushi dala 30 zuwa 40 ko abin da ya yi kusa, kuma a awon giren 70 za ta ba ka harbi 100 cif. Gwangwanin hula 100 da kwalin harsashi 100 kowanne dala goma sha wani abu ne zuwa ashirin. Farashi yana motsi, musamman na hula da kan yi ƙaranci. Ka ware harbi 150 zuwa 200 don wannan aikin, domin ba na yini ɗaya ba ne.

2. Bincika bindigar kafin ka zarge ta

Abin farko, tabbatar babu ɗuri a ciki. Zura sanda har ƙasa, riƙe daidai baki da yatsa, zaro ta ka jera a jikin bututun ta waje. Ya kamata ƙarshenta ya kai kusa da nono. Idan ya rage inci ɗaya ko fiye, akwai abu a ciki, kuma albarushin da ya shekara hamsin a kwance yana nan da ransa. Idan babu komai, sai ka yi wa sandar alama. Wannan ita ce alamar "ba ɗuri".

Daga nan auna murɗin tsagin. Sa ƙyalle mai ɗan matsi a kan sandar, tura ƙasa, liƙa tef a jikinta kamar tuta, sai ka jawo a hankali kana barin ta tana juyawa da kanta. Idan tutar ta yi rubu'in zagaye, auna tsawon da ya fito ka ninka sau huɗu. Idan ka samu inci 60 zuwa 70, bututun mulmulallen harsashi ne, zai kuma jure albarushi mai yawa. Idan 48 ne, kamar na Thompson/Center Hawken, zai yi kyau amma ya fi son awo matsakaici. Idan 28 ne, an yi shi don dogon harsashi, kuma wannan jagorar ba tasa ba ce.

Duba bakin bututun da kyau, ka shafa da yatsa. Duk wata kaifi ko targaɗe a nan za ta yanka ƙyalle. Girgiza bututun a cikin ƙotarsa. Idan yana motsi, maƙallin da ke riƙe shi ya saki, ko sukurun baya. Taɓa saiti na gaba da na baya ka ji ko suna rawa. Nono kuma yana cinyewa. Idan ka ga bayan harbi gudumar bindigar, wadda ke bugun hula, ta koma baya da kanta, raminsa ya buɗe, sai a canza. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

3. Tantance harsashi

Dalma tsantsa ake so, mai laushin da farce zai yi mata zane. Dalmar da ake ɗaura wa ƙafar mota tana da gami, ta yi tauri, ba ta karɓar shatin ƙyalle. Harsashin .490 na dalma tsantsa yana kai giren 177 ko kusa da haka. Ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya kauce wa 'yan'uwansa da fiye da giren ɗaya ka ware shi gefe. Mai rashin nauyi yana da kogon iska a ciki, kuma da ya fara juyi sai ya yi ta karkata zuwa ɓangaren da ya fi nauyi. Irin waɗannan su ne masu fita su kaɗai can gefe su ɓata maka takarda.

Waɗanda kamfanin Hornady ke matsawa da inji ba su da cibiya, ko ta ina ka sa su daidai ne. Na zubi kuwa suna da 'yar cibiya inda aka yanke dalmar. Kullum cibiyar ta kalli sama, a tsakiya.

Gargaɗi: idan kai za ka riƙa zuba naka, yi a waje inda iska ke kaɗawa, kada ɗigon ruwa ko gumi ya faɗa cikin narkakkiyar dalma, domin fantsama take yi. Wanke hannu kafin ka ci abinci, kuma yara su yi nisa da wurin.

4. Ƙyalle, inda yawancin matsalar take

A nan zan daɗe, domin cikin mutum goma da ke kukan bindigarsu tana watsa harsashi, yawancinsu ƙyalle ne ya ci amanarsu ba bututu ba. Harsashin ai bai taɓa tsagin. Ƙyallen ne ke cika su, ya toshe wa wuta hanya, ya kama harsashin ya juya shi. In ya yi sirara, wuta ta bi gefe ta ƙone shi, harsashin ya fita yadda ya ga dama.

Ga lissafin. Faɗin bututun .500 ne. Idan zurfin tsagi .010 ne kowane gefe, daga kwari zuwa kwari .520 ke nan. Harsashi .490 da ƙyalle mai kaurin .015 ta ɓangarori biyu shi ma .520 ne, wato ya cika amma bai matse ba. Shi ya sa irin wannan bututun ya fi son .018. Mai tsagi marasa zurfi kuwa .015 ya ishe shi. Fara da waɗannan biyun, in ba su yi ba ka gwada harsashin .495 da ƙyalle mai ɗan sirara.

Yadin ya zama auduga zalla ko lilin, mai saƙa a matse. Amurkawa sun fi amfani da yadin rigar matashi mai ratsin shuɗi da fari. Kada a kuskura a sa mai gamin roba, narkewa yake ya manne a bututu. In kana shakka, kunna wa gefensa ashana: auduga toka take zama, roba kuwa dunƙulewa take. Ni da maikuromita nake shiga shagon yadi, masu shagon na kallona kamar wanda ya zauce, domin bandir biyu masu kama ɗaya sukan bambanta a kauri. Idan ka dace da wanda bindigarka ke so, sayi yadi biyar ka ajiye. Wanke shi sau biyu sitacin ya fita kafin ka yanka.

Yadda za ka gane matsin ya yi: harsashi ya shiga baki da bugu ɗaya mai ƙarfi na tafin hannu a kan sandar farawa, sannan ya sauka da turi mai ɗan nauyi. In babban yatsa kaɗai ya tura shi, ya yi sako-sako. In sai ka ɗauko guduma, ya wuce kima, kuma ka riga ka lotsa harsashin. Akwai gwajin da nake so: yanki dogon ƙyalle, tura harsashi inci ɗaya ciki ba tare da albarushi ba, sai ka kama jelar ƙyallen ka fizgo. Duba dalmar. Ya kamata ka ga shatin saƙa zagaye da ita, mai zurfi inda tudun tsagi ya danna, mai sauƙi inda kwari yake.

Sai abin shafawa. A filin gwaji, inda za ka harba nan take, yawu ma ya isa, tsofaffin 'yan gasa da yawa a baki suke jiƙa ƙyallensu. Wasu na haɗa Ballistol, wani man gyaran bindiga, da ruwa, kashi ɗaya cikin bakwai ko kusa da haka, su jiƙa yadin su shanya a kwance ya bushe. Don farauta, inda ɗuri zai wuni a ciki, yawu zai bushe ya bar tsatsa, sai a koma ga kakin zuma da aka narka da man zaitun. Na gwada man kaɗanya da aka aiko mini daga gida, ya yi aiki lafiya lau da rani, amma da sanyin Disamba na nan ya daskare kamar sabulu. Abin da za ka guje wa shi ne man inji da giris. In suka haɗu da tokar albarushi sai su zama kwalta.

Ko wanne ka zaɓa, yawansa ya zama ɗaya a kowane ƙyalle. Wani jagab wani a bushe, harbi biyu daban ke nan.

5. Zaɓi albarushi

Ana rarraba baƙin albarushi da girman ƙwaya. FFg shi ne na .50 zuwa sama, FFFg ya fi laushi kuma na .45 zuwa ƙasa ne, ko da yake bindigogin .50 da yawa sun fi son sa. In ka koma FFFg daga FFg, rage awon da kamar kashi goma cikin ɗari. FFFFg na kaskon mai ƙanƙara ne kawai, wato ɗan kwanon da wuta ke fara kamawa a ciki, ba a ɗura shi a bututu. Goex da Swiss da Schuetzen su ne sunayen da za ka fi gani, kuma Swiss ya fi sauran zafi a awo ɗaya, saboda haka in ka canza kamfani sai ka sake gwaji. Pyrodex da Triple Seven madadi ne, suna tashi a mai hula, amma mai ƙanƙara ba ta shiri da su.

Gargaɗi mafi girma a wannan rubutun: albarushin harsashin zamani, marar hayaƙi, ba ya shiga wannan bindigar ko ƙwaya ɗaya. Wani ma baƙi ne a ido, launi ba hujja ba ne. Fasa bututu yake yi a fuskar mai shi. Abin da babu rubutu a jikin gwangwaninsa, kada ka ɗura.

6. Ɗuri, bi da bi

Kafin ɗurin farko, goge bututun da busasshen ƙyalle har man ajiya ya fita. Sa hula a nono ba tare da ɗuri ba, nuna bakin ga ciyawa a gaban layin harbi, ka ja kunama. In ganyen ya motsa, hanya a buɗe take. Yi haka sau biyu ko uku.

Yanzu guduma a matakin rabi, wato an ja ta baya rabi, babu hula. Gindin bindiga a ƙasa, baki ya karkata nesa da fuskarka. Saita mudu a giren 50, ƙa'idar farawa ke nan: lambar faɗin baki ita ce awon farko. Zuba daga gora cikin mudu, share kan, rufe gorar, sannan ka juye mudun a bututu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a nan kimar ido ba ta da aiki. Ko ka riƙa ƙwanƙwasa mudun sau biyu kullum, ko kada ka taɓa ƙwanƙwasawa, domin albarushi yana zama ya ƙara nauyi.

Gargaɗi: ba a zubawa kai tsaye daga gora zuwa bututu. In akwai sauran garwashi daga harbin baya, gorar ce gaba ɗaya za ta tashi a hannunka. Haka nan babu sigari a teburin ɗuri.

Bubbuga gefen ƙota da tafi albarushin ya gangara zuwa ƙarƙashin nono. Ɗora ƙyalle a tsakiyar baki, harsashi a kai, cibiya sama. Buga da ɗan ƙullin sandar farawa ya nutse daidai baki, sannan ka juya dogon gefenta ka kai shi inci huɗu ko biyar. Ɗauki doguwar sanda, riƙe ta kusa da baki, taƙi ɗaya a sama, ka riƙa turawa kaɗan-kaɗan. Wanda ya kama sandar katako daga can sama, in ta karye a tafinsa take shiga.

Idan harsashi ya isa, za ka ji ya zauna a kan albarushi. Danna da nauyi iri ɗaya kowane lokaci. Kada ka yi ta jifan sa da sanda tana tsalle kamar mai daka sakwara. Lotsa shi kake yi kana kuma niƙe albarushin. Yi wa sandar alama ta biyu daidai baki, alamar "cikakken ɗuri". Daga yau duk ɗuri sai ka duba ta.

Gargaɗi: harsashin da bai zauna a kan albarushi ba, akwai iska a tsakani, yana iya kumbura bututu ko ya fasa shi. In alama ba ta kai ba, ba a harbawa.

Zare sandar. Hula ita ce ƙarshe, sai ka zauna a wurin harbi baki na kallon allo. Mai ƙanƙara kuma ya tsokaci ramin wuta da siririyar waya, ya zuba ɗan albarushi kamar sulusin kasko. Cika kasko fal jinkiri yake kawowa. Ƙanƙarar ta zama mai kaifi kuma a ɗaure tam.

Kada ka yi hira kana ɗuri. Ran nan wani ya tsaya yana tambayata daga wace ƙasa nake, ina ba shi labarin Kano, na tura harsashi har ƙasa babu albarushi. Hula ta yi ƙyas, shiru. Na duba sanda, ta wuce alama. Wani dattijo mai farin gemu a teburin kusa ya yi dariya ya ce yanzu na zama ɗan gida, ya nuna mini yadda ake yi: a kwance nono, a tsiyaya 'yan ƙwayoyin albarushi ta ramin, a mayar da nono, a sake danna harsashin ƙasa, a harba. Ya fita da ɗan "fut" ya faɗi yadi goma. In hakan bai yi ba, sai kan sukurun nan, ko 'yar gorar iskar CO2 da ake hurawa ta nono.

7. Zama da harbi

A wannan matakin bindigar kake gwadawa ba kanka ba, saboda haka a kan tebur za ka yi. Buhun yashi ɗaya ƙarƙashin ƙota ta gaba, ɗaya ƙarƙashin gindi. Liƙa ɗan tef a inda ƙotar ke zama don kullum ta sauka wuri ɗaya. Fara da yadi 25 don ka tabbata kana kan takarda, sannan ka matsa zuwa 50. Ɗigon allon ya zama baƙi mai girman da za ka gani sarai, ka ɗora shi a kan saitin gaba kamar ƙwai a kan tsinke. Idonka a kan saitin gaba, ba a kan allo ba.

Idan bindigarka mai kunama biyu ce, ta baya ɗanawa take, ta gaba kuma da an shafe ta ta tashi. Kada ka ɗana sai saiti ya zauna.

Tsakanin jan kunama da fitar harsashi akwai ɗan lokaci, musamman a mai ƙanƙara, inda wuta ke walƙawa kusa da ido. A nan mutane ke zabura. Ci gaba da riƙe saiti har hayaƙi ya wuce, kamar ba a yi harbin ba. Zaɓi safiya kafin iska ta tashi. Mulmulallen harsashi ba ya jure iska. 'Yar iskar da ke kaɗa riga tana iya kautar da shi taƙi guda a yadi 100.

Gargaɗi: in ka ja ba ta tashi ba, kada ka sauke, kada ka leƙa. Riƙe baki na kallon allo minti ɗaya cur, domin wuta na iya cin hanya a hankali. Bayan nan cire hular, sake danna harsashi da sanda, saboda hula kaɗai takan ɗaga shi, sannan ka sa sabuwa.

Bayan kowane harbi, ƙyalle ɗaya mai danshi ƙasa da sama sau ɗaya, sai busasshe ɗaya. Danshi na ce, ba jiƙewa ba, in ya yi ruwa zai tura laka ya toshe hanyar wuta. Akwai masu harbi ashirin ba gogewa, da ƙyalle mai ruwa-ruwa, kuma suna cin gasa. Amma mai neman awonsa ya goge, don kowane harsashi ya tarar da bututu iri ɗaya.

8. Tsinto ƙyallayen ka karanta

Bayan harbi biyar, idan an ba da izinin shiga fili, taka yadi goma zuwa sha biyar gaban tebur ka duba ƙasa. Ƙyallayenka suna nan. Mai lafiya gefensa ya ɗan tsattsage, tsakiyarsa da baƙin zobe, babu huda, har kana iya sake amfani da shi. In ka ga ƙananan yanka a jere zagaye, ko bakin bututu ne mai kaifi, ko tsagin sabo ne. Sabon bututu yakan yi laushi bayan harbi ɗari ko ɗari biyu. In tsakiya ta ƙone ko ya yi fata-fata, ya yi sirara, ko mai bai isa ba, ko albarushi ya yi yawa. Muddin ƙyalle na yagewa, ƙara albarushi ko ragewa ɓata kuɗi ne. Gyara shi tukuna.

Da ƙyalle ya tsaya lafiya, sai hawan tsani. Harbi biyar a giren 50, sabuwar takarda, biyar a 55, haka 60, 65, 70, kana ƙara biyar-biyar. Rubuta komai a jikin takardar: awo, irin albarushi, kaurin ƙyalle, mai, yanayin iska. Auna tsakanin huda biyu mafi nisa da juna. Za ka ga hudojin suna matsowa, su haɗu, sannan su fara buɗewa. Inda suka fi haɗuwa nan ne awonka. A yawancin masu .50 yana faɗawa tsakanin 60 da 90. Tawa 70 take so na FFFg da ƙyallen .018, in na kai 85 sai ta fara watsi. Kada ka wuce iyakar da masana'anta ta rubuta a littafin bindigar ko da hudojin na ƙara matsewa.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. Wanda ya canza ƙyalle da albarushi da mai a zama guda, ko ya dace bai san abin da ya gyara ba. Kuma harbi uku ba shaida ba ne, sa'a na iya haɗa uku. Maimaita awon da ya yi nasara a wata rana daban kafin ka yarda da shi. Da saitin ƙarfe, inci biyu a yadi 50 abin alfahari ne, inci uku kuma ya isa farauta.

9. Sai yanzu za ka taɓa saiti

Duk tsawon gwajin nan ba ruwanka da ko harsashi na faɗawa hagu ko ƙasa, haɗuwarsu kawai kake nema. Yanzu ne za a kai su tsakiya. Saitin baya yana bin inda kake son harsashi ya koma, na gaba kuwa akasin haka. In tana harbi ƙasa, a goge kan saitin gaba da zarto. In tana harbi sama, sai an sa na gaba mai tsawo.

Nawa za a motsa? Ninka kuskuren da nisan da ke tsakanin saiti biyu, ka raba da nisan allo, duk a inci. Misali ta kauce inci 3 a yadi 50, wato inci 1,800, tsakanin saiti kuma inci 24 ne: 3 sau 24 ya ba da 72, a raba da 1,800, ya zama .04, kusan milimita ɗaya tak. Yi zane da fensir kafin ka buga saitin ya gusa gefe, ka yi amfani da 'yar sandar tagulla don kada ƙarfe ya ji rauni. Zarto kuma shafa biyu ko uku, ka harba, ka sake dubawa. Abin da ka goge ba ya dawowa. Na farko da na yi sai da na sayi wani saitin.

10. Wanki a ranar

Tokar baƙin albarushi tana jan danshi, kuma kwana ɗaya ya isa ta fara cin bututu. Bututun da tsatsa ta yi wa ƙuraje yaga ƙyalle yake yi har abada. Ruwa ne maganinta, mai ɗumi, da ɗigon sabulu in ka so. In bututunka mai cirewa ne, zare maƙalli, kwance nono, tsoma gindin a bokiti, ka riƙa tura ƙyalle sama da ƙasa yana zuƙo ruwa kamar famfo har ya fito fari. In ba ya cirewa, toshe ramin wuta da tsinken sakace, zuba ruwa ta baki, girgiza, zubar, ka maimaita. Tafasasshen ruwa yakan bar jar tsatsa nan take, shi ya sa na daina.

Busar da ƙyallaye huɗu ko biyar, shafa man hana tsatsa, goge nono da kewayen guduma da tsohon buroshin haƙori, ka sa ɗan mai a zaren nono kafin ka mayar. Jingine ta baki ƙasa don man kada ya taru a gindi ya kashe ɗurin farko na gaba. Washegari sake zura farin ƙyalle. In ya fito da ja, akwai inda ruwa ya maƙale, sai ka sake busarwa ka sa mai.